Yaya, ga labarin sabuwar gwiwata daga Mancesta

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara da jikoki da kowa na gidan. Ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Saƙon muryarki na ranar Juma'a na saurare shi ya fi sau uku. Na ji abin da likita ya faɗa bayan ya duba hoton ƙashin, cewa guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi, allura da man shafawa kuma sun gama nasu. Na kuma ji kan yaran ya rabu: wannan ya ce Indiya, wancan ya ce Masar, babban ya ce a yi a Kano, auta kuma ta ce a kawo ki wurina. Duk cikinsu maganar inda za a yi aikin suke yi. Ban ji wanda ya yi maganar ranar da za ki dawo gida ba, ki tsaya a bakin ƙofar ɗakinki da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ki dubi katifarki a ƙasa. Ni kuwa wata bakwai ke nan da aka yi mini nawa, kuma can ne na sha wuya, ba a ɗakin tiyata ba. Shi ya sa na ga waya ba za ta ɗauki maganar nan ba, gara in zauna in rubuta, a karanta miki a gaban yaran.

Ki fara cire wani tsoro daga ranki. Ni ma da na ji an ce za a sauya gwiwa, na ɗauka gaɓar za a gutsure baki ɗaya a dasa ƙarfe. Ba haka ba ne. Saman ƙasusuwan da suka lalace ake shafcewa, bakin ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta tsaya a madadin guringuntsin. Akwai wani siminti na musamman da ake manna su da shi. Naman ƙafa da jijiyoyin gefe naki ne, suna nan. Kuma a nan maganar take, domin ƙarfen ba ya ɗaga ƙafa. Naman cinyarki ne zai ɗaga ta, shi kuwa shekarun ɗingishi sun riga sun raunana shi.

Auta tana ganin a nan komai a sauƙaƙe yake, to bari in gaya mata yadda abin yake. A Ingila ba ka tashi ka tafi wurin likitan ƙashi kai tsaye. Da likitan unguwa za ka fara, shi zai tura ka gashi, wato wurin masu koyar da motsa gaɓa, a gwada magani, a gwada allura, in duk sun gaza sannan ya rubuta maka takarda zuwa babban asibiti. A ƙa'ida ana so a fara yi wa mutum magani cikin sati 18 daga ranar da aka tura shi. Ni wata 11 na yi a layi, ina zuwa aikina na kula da tsofaffi da gwiwar a haka, kuma na san waɗanda suka haura shekara. Ranar da aka yi aikin ko sisin kwabo ban biya ba, wannan gaskiya ne. Amma ba kyauta ba ce. Tun 1948 aka gina tsarin lafiyar ƙasar nan a kan haraji, ni kuma shekara 19 ana yankar nawa daga albashi tun kafin ya shigo hannuna. Yawancin masu zuwa aiki yanzu sai sun biya kuɗin lafiya tare da na biza, fam 1,035 na kowace shekara. Baƙon da ya zo da bizar ziyara kuwa, in zai yi irin wannan aiki a asibitin gwamnati, sai ya biya kuɗin aikin da ƙarin rabinsa a kai. A asibitin kuɗi kuma farashin ya wuce fam 10,000 da nisa, ba a ma sa kuɗin jirgi ba. Ki sa babban ya juya shi zuwa naira ya gani.

Abin da ya burge ni a wurinsu ba wuƙar likita ba ce, shirin da suke yi kafin a kai ga wuƙar ne. Saura 'yan makonni aka tara mu, mu kusan goma masu jiran aiki iri ɗaya, aka miƙo mana samfurin gwiwar kowa ya riƙe ya jujjuya, aka koya mana motsa jikin da za mu yi bayan aikin tun muna da tsohuwar ƙafarmu. Aka auna suga da hawan jini, aka ɗebi jini, aka goga auduga a hanci don neman wata ƙwayar cuta mai taurin kai, aka tambaye ni ko akwai haƙorin da ke damuna. Na yi mamakin tambayar haƙori, sai nas ta ce ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta cikin jini ta je ta zauna a jikin ƙarfen. Ke da kike da suga, Yaya, wannan naki ne kai tsaye: likitan kirki ba zai taɓa ki ba sai ya ga sugan ya daidaita, domin ciwon mai suga yana jinkirin warkewa kuma ya fi saurin ruruwa. Sannan aka ba ni takarda in auno tsayin gadona, da kujerar da nake zama, da masai. Kwana kaɗan mota ta tsaya a ƙofar gida aka sauke mini wani mazauni da ake ɗorawa a kan masai ya ƙara masa tudu, mai hannuwa biyu na dafawa. Aro ne, in ka warke ka mayar a ba wani.

Ranar aikin allura aka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, aka ƙara mini wani magani da ya sa ni gyangyaɗi. Ina jin ƙarar kayan aikinsu sama-sama kamar ana gyara a gidan maƙwabta. Awa ɗaya da rabi aka gama. Da la'asar ɗin ranar, ƙafar na dawowa hayyacinta, sai ga wani matashi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ce Mama tashi mu taka. Na dube shi na ce yau fa aka yanka ni. Ya ce shi ya sa. Ɗan Najeriya ne, Bayarabe, a gida ya yi karatun gashinsa kafin ya zo nan, kuma cikin nas-nas ɗin da suka yi ta kewaya ni a daren nan biyu namu ne. Na taka taku shida zuwa bakin ƙofa na dawo, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Washegari aka ba ni sanduna biyu, aka sa na hau matakala na sauko. Suka koya mini: in za ki hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ki sauko, sanduna da ƙafar da aka yi wa aiki ne gaba. Kwana biyu cif aka sallame ni. Wasu ma a ranar suke komawa gida.

A lokacin na ji haushi ƙwarai. A tunaninmu na gida, wanda aka buɗe wa ƙafa haka ai sai ya yi sati biyu a gado, ana kawo farfesu a kula, 'yar'uwa na kwance a tabarma gefen gadonsa. A nan babu mai kwana da kai, masu dubiya da lokacinsu, nas ce ke komai, abinci kuma ka zaɓa a takarda, akwai na halal, amma ba shi da ɗanɗanon da zai buɗe wa majinyaci ciki. Daga baya na gane tashin nan da wuri magani ne. Ƙafar da ta kwanta ita ce jini ke daskarewa a cikinta, kuma gaɓar da ba a motsa ba ita ce ke ƙagewa.

Sati ukun farko, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, sun fi haihuwa tsawo. Ƙafar ta kumbura daga cinya har idon sawu, ta yi baƙi-baƙi, da zafi kamar an ɗora garwashi. Da rana da sauƙi. Dare ne abin. Ba na samun kwanciyar da ta yi mini, in yi barcin awa ɗaya in farka, in zauna bakin gado, in tashi in zaga falo da sanduna, in dawo. A daren kwana na goma sha ɗaya na zauna na yi kuka sosai, na ce me ya kai ni, da ɗingishina ai ina barci. Ina gaya miki wannan ne don idan daren nan ya zo miki ki gane shi, ki san ba alamar aikin ya lalace ba ne. Duk wanda na haɗu da shi a wurin gashi ya ba ni labarin irin darensa. Barcina bai daidaita ba sai wajen sati na bakwai.

Kuma a nan ne na san abin da ƙasar nan ta rasa. Ɗana ya ɗauki hutun sati ɗaya, ya ƙare, ya koma aiki. Matarsa na fita tun bakwai na safe. Daga takwas zuwa shida ni kaɗai ce a gida, lokacin sanyi, gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu. Mai hannu biyu a kan sanduna ba ta iya ɗauko ko kofin shayi daga kicin zuwa falo. Sai na rataya jaka a wuya ina sa filas a ciki. In kina son mai zuwa ta taya ki wanka da girki, kamfanin da zai turo ta zai karɓi sama da fam 20 a kowace awa, na sani domin sana'ata ce. Kuɗin rashin lafiya da doka ta ce a ba ma'aikaci kuwa, lokacin da na kwanta, bai kai fam 120 a sati ba, ga haya ga kuɗin ɗumama gida. Wata 'yar Katsina da muke haɗuwa a masallaci ce take shigowa ranar Asabar da miyar kuka da tuwon semo, ta zauna mu yi hira. Wallahi zuwanta ya fi mini wani maganin. Na riƙa tuna gidanki, yadda ko zazzaɓi kika yi sai tsakar gida ta cika da takalma.

Amma cikar nan ta gidanki ita ce abin da ya fi ba ni tsoro a kanki, kuma saboda ita na rubuto. Mu tausayinmu shi ne "kwanta ki huta", "kar ki tashi, bari a kawo miki", a cusa matashi ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi. To gwiwar da aka sauya, wannan tausayin shi ne ke lalata ta. A cikin makonnin farko nama yana haɗewa a cikin gaɓar, in ba ki lanƙwasa ta kin miƙe ta kullum ba, zai haɗe a inda kika bar ta. Wanda tasa ta ƙage sai an mayar da shi ɗakin tiyata an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Matashin nan na ƙarƙashin gwiwa shi ne abin da aka fi gargaɗinmu a kansa: yana da daɗi, amma yana hana ƙafa miƙewa sosai, ƙafar da ba ta miƙe ba kuwa ɗingishi za ta yi har abada. A ƙarƙashin diddige ake sa shi, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta. Yana da zafi. A haka ake so.

Don haka ki zaɓi mutum ɗaya a gidan, wadda ba ta jin kunyarki sosai kuma kukanki ba zai karya mata zuciya ba, ta bi ki wurin mai gashi ta koyi komai. Sau uku ko huɗu a rana za ta zaunar da ke: ki matse naman cinya ki danna gwiwa ƙasa ki ƙirga biyar, ki jawo diddige zuwa gare ki a kan gado, ki ɗaga ƙafar a miƙe, ki zauna a kujera ki ja ƙafar baya har inda za ki iya ki ƙara kaɗan, ki riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa. Masu dubiya kuma a sa musu lokaci. Ba za ki yi wannan aikin ba ɗaki cike da surukai kina gyara lulluɓi.

Masu gashi a nan suna da wani ma'auni kamar na lissafin 'yan makaranta, suna ɗora shi a gefen gwiwa su faɗi lambar iya lanƙwasuwarta. Da aka sallame ni ina digiri 70. A sati na biyu na kai 90, wato ina iya zama a kujera ƙafa a ƙasa sosai. Yau ina 115. Sai dai ganin mai gashin a nan ba shi da yawa. Sau shida na je, yawanci a rukuni, saura duk littafi ne da hotuna aka ba ni in yi a gida. In kina son ƙari a wurin masu zaman kansu, fam 50 ko fiye kowane zuwa. A wannan kam kun fi mu. Jami'ar Bayero tana yaye masu gashi, kuma za ki samu wanda zai riƙa zuwa har gida sau uku a sati a kan abin da bai kai kuɗin zuwa ɗaya a nan ba. Ku nemo shi tun kafin aikin, ku yi magana da shi, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko, kada a kashe komai a kan jirgi da otal a dawo a ce gashi sai an samu hali.

Kalmar gashin ma kada ta ruɗe su. Na san hannun mutanenmu: da an ga kumburi sai a ɗora ruwa a wuta, a kawo tsumma da man zafi. Sabuwar gwiwa sanyi take so. A nan abin da suke ce wa kowa shi ne ya sayi ledar koren wake mai ƙanƙara a kanti, ya naɗe ta a tawul ya ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana, ƙafa a ɗage sama. Ledar na komawa firji a sake ɗaukowa, wuta kuwa ba ta ɗaukewa. Ku da wutar sai a hankali, ku yi magana da mai sayar da ƙanƙara a unguwa ya riƙa kawo fiya wata daskararre safe da yamma, a zuba a kula. Ba a ɗora ƙanƙara a fata tsirara, kuma kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Nawa ɗinkin da ƙananan ƙarafa aka yi shi irin na maƙala takarda, nas ɗin unguwa ta cire su a kwana na 14. Sai da wurin ya rufe sarai sannan na fara murza tabon da man kaɗanyar da kika aiko mini, kuma ya yi mini amfani. Kafin ya rufe, ba man shanu, ba garin magani, ba komai. Ƙaho da tsaga kuma an yi sallama da su a wannan ƙafar, haka allurar cikin gaɓa a kemis. Ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfen ba ta jin magani yadda take ji a nama, wani lokaci sai an cire komai an sake. Ba ta cika faruwa ba, kamar mutum ɗaya ne cikin ɗari, amma wanda ta faɗa wa ya san ya gamu da aiki.

Maganar magani ma da bambanci. A nan ko farasitamol ne, a kanti ƙwaya 16 ce a kwali, kuma ba za su sayar miki fiye da kwali biyu ba. Mai ƙarfin sai da takardar likita, a ƙirge, na 'yan kwanaki. Duk maganin da likita ya rubuta ana biyan fam 9.90 a kansa, sai dai wanda ya kai shekara 60 ba ya biya, ni ma na shiga cikinsu. Da farko takurar ta dame ni, amma na tuna yadda ake aiken yaro kemis ya dawo da haɗin ƙwayoyi biyar a leda ba suna. Ke da za a ba ki maganin tsinka jini, irin waɗannan ƙwayoyin ciwon jiki suna iya sa miki zubar jini a ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Abin da likitanki ya rubuta kaɗai, daga kantin magani da aka sani, mai lambar NAFDAC. Kuma ki sha na zafin kamar rabin awa kafin motsa jiki, kada ki ce za ki daure. Dauriya a nan ba ta da amfani, wadda zafi ya hana ta lanƙwasa ƙafa ita ce ta yi asara. Mai ƙarfin yana ɗaure ciki sosai, babu wanda ya gaya mini yadda abin zai kai. Ni sai da ɗana ya je unguwar Cheetham Hill ya nemo mini gwanda da tsada. Ke ga ta nan a bakin titi, ga zogale, ga kuɓewa, ga dabino. Ki sha ruwa da yawa.

Sati biyu na yi ina yi wa kaina allurar tsinka jini a fatar ciki kullum, da doguwar safa mai matse ƙafa. Yaran su riƙe waɗannan alamu da kyau: in sharaɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi fiye da na jiya, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, ba a jiran gari ya waye. Haka in ɗinkin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo da rawar ɗari. Kada a ce maleriya ce a sayo magani, a koma wurin wanda ya yi aikin. Mu a nan 999 muke bugawa motar asibiti ta zo. Ku kuwa a bar mota ɗaya da mai a ciki, da wanda zai tuƙa ta a gida kowane dare, na wata guda.

Yanzu ga wadda na san ita ce a ranki ba ki faɗa ba: salla. Rayuwar Bature a kan kujera take, gado mai tudu, masai na zama, teburin cin abinci. Gwiwar da ta kai digiri 110 ko 120 ta gama masa komai. Mu rayuwarmu a ƙasa take. Zaman tahiya a kan diddige yana neman wajen 150, tsugunno ma haka, kuma gwiwar ƙarfe ba kasafai take kai wa can ba. Na tambayi likitana kai tsaye, ya ce durƙuso ba ya lalata ƙarfen in ciwon ya warke, sai dai mutane da yawa ba sa jin daɗinsa. Ni yau ina tsayuwa, ina ruku'u cikakke, wanda shekara uku rabona da shi ba tare da cije leɓe ba. Sujada da tahiya a kujera nake yi. Na fara gwada ɗora gwiwar a kan matashi mai laushi, tana karɓa kaɗan-kaɗan, amma zama a kan diddige ban sa rai ba. Ranar da na gane haka na yi baƙin ciki, ba zan ce ban yi ba, goshi ya saba da ƙasa shekara hamsin. Malamin masallacinmu ne ya tuna mini da hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ke ma ai yanzu a zaune kike yi, da ciwo. Bayan aikin za ki samu tsayuwar da ruku'un, ciwon kuma ya tafi. Umarar da kike buri ma, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita uku, ni yanzu ina taka kusan haka a wurin shaƙatawar unguwarmu ba tare da sanda ba.

Gidan kuma a gyara shi tun kina asibiti, ko ma kafin ki tafi. A ɗora katifarki a kan gado, tsayinsa ya zama in kin zauna ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu. Kujerun falonki masu nitsewa ba naki ba ne na wata uku, a samo mai tauri mai hannu. Banɗakin tsugunno kuwa ba zai yiwu ba sam. In ba za a sa masai na zama ba, shagunan kayan asibiti suna sayar da kujera mai rami, kafinta ko mai walda ma zai yi ta a yini ɗaya in an ba shi awo, kuma zai kafa miki ƙarfen dafawa a bango. Abin da aka kawo mini da mota a nan, ba abin da ya fi ƙarfin maƙerin unguwarku ba ne. A sa kujerar roba a wurin wanka da alwala, buta da baho a gabanki. A naɗe dardumomi da ledar tsakar ɗaki, a lura da dokin ƙofa, da simintin bakin famfo mai santsi, da jikoki masu rugowa su rungume ƙafa. A Daidaita Sahu kuma ki haƙura da ita tukuna. Mota gidan gaba, a tura kujerar baya, ki fara zama sannan ki shigo da ƙafafu. Bas ɗin garin nan namu tana sunkuyowa har bakin titi don masu sanda, amma ni ma sai da na yi sati shida kafin na yarda na hau ta.

In kin tambaye ni inda za a yi, ni ra'ayina a yi a gida, kusa da likitan da za ki iya komawa wurinsa a kwana na goma da sati na shida da wata na shida. Ana yin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da wasu asibitocin ƙasar. Ƙarfen dai duk daga waje ake shigo da shi, kamfanoni kaɗan ne ke yin yawancinsa a duniya, irin su Zimmer Biomet da Stryker da DePuy da Smith & Nephew, don haka abin tambaya shi ne hannun da zai sa shi: guda nawa yake yi a shekara, wa zai duba ki in wani abu ya taso, kuma yaya tsaftar ɗakin tiyatarsu. Indiya da Masar suna da ƙwararru, ban musa ba. Amma doguwar tafiyar jirgi da ɗanyen aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini, in kuma ɗinki ya ruru bayan kin dawo, wanda ya yi shi yana wata ƙasa. In yaran sun dage sai waje, to su yi lissafin zaman makonni a can, ba kwana goma ba. Duk inda aka yi, ki karɓi takarda mai ɗauke da sunan ƙarfen da lambarsa da girmansa ki adana. A nan tun 2003 suke da rajistar ƙasa da ake rubuta gaɓoɓin da aka dasa, ni ma na sa hannu aka shigar da tawa. Daga irin wannan rajista ne wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya gano cewa gwiwoyi 82 cikin 100 suna nan suna aiki bayan shekara 25. Sun kuma gaya mana tun kafin mu sa hannu cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo ko tauri bayan aikin. Gara ki shiga da sanin duka biyun.

Ni dai a yau gefen tabon ta waje a mace yake, in na taɓa kamar fatar wani, an ce ƙaramar jijiyar fata ce ake yankewa kuma yawanci haka take zama. Gwiwar tana ɗan ƙas-ƙas in na juya, ƙarfe ne da roba ke haɗuwa. In na wuni a tsaye takan kumbura da yamma, kuma sun ce sai shekara ta zagayo ake sanin inda za ta tsaya. Na koma aiki a wata na huɗu, rabin yini. Amma ciwon nan mai cizo da ke tashe ni tsakar dare shekara da shekaru, wanda kike ciki yanzu, babu shi.

Akwai mai tahowa Kano ƙarshen wata, zan ba ta safar matse ƙafa guda biyu, da jakar sanyi da ake sa wa a firji, da littafin motsa jikin nan nawa mai hotuna, na rubuta fassarar kowane da biro a ƙasansa. Ki sa a auna mini kaurin sharaɓarki da na idon sawunki da tef ɗin tela a turo, domin safar da awo ake saye. Motsin cinyar nan kuma ki fara shi tun gobe a kan gadonki, kada ki jira aiki. Ki gaida mini Goggo, ki ce mata na ji saƙonta. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki.